Irin Barkonon Inna

Kwana huɗu kacal na yi a asibiti ina jinyar mijina. Na dawo na tarar ƙanena ya tsinke mini barkono tas.

Injiniya muke ce masa, don ya taɓa gyara fanka sau ɗaya, ita ma bayan sati ta ƙone. Shi na bar wa makulli, na ce ya riƙa ba shuka ruwa. Ruwa kawai na ce!

Barkonon nan ba na kasuwa ba ne. Irin Inna ne, marigayiya mahaifiyarmu, gajere mai ƙamshi, in ka taɓa shi ka shafa ido sai ka gane kurenka. Shekara goma sha ɗaya ina shuka shi a tsofaffin bokitai a bayan kicin. Duk shekara nakan ɗaura jan zare a gindi uku da suka fi kyau. Waɗannan ba a taɓa 'ya'yansu sai sun yamutse a jikin uwarsu, sannan in shanya a inuwa, in fasa, in ajiye iri. Wanda na ajiye bara kuwa duk na shuka shi.

Ya tare ni baki har kunne. "Yaya, na hutar da ke. Shanya a tabarma ai aikin mutanen da ne. Na gani a waya, awa uku a murhun gashi ya bushe ƙarau."

Ga kwalabe shida jere a tebur, cike da jan gari, har da 'yar takarda a manne mai kwanan wata. Su Injiniya manya.

Na ce, "Masu jan zaren fa?"

"Su na fara tsinka, sun fi nuna. Zaren ma na cire, yana shaƙe su."

"Ka gasa, ka niƙa?"

"Lukui!"

Na ruga bayan kicin. Bokitai wayam. Ya tuge har saiwa, wai yana gyara mini wuri, masu kwasar shara kuma sun tafi da su tun shekaranjiya. Na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Sakaran ya ce, "Haba Yaya, iri ne fa. Ana sayarwa a leda." A leda! Abin da uwarka ta bari kenan a duniya, kake ce mini a leda.

Ihuna ne ya shigo da Mai Kitso, maƙwabciyata. Matar da ko albasa ta dasa sai ta ruɓe, amma shekara da shekaru tana bina da roƙon iri. Ni kuwa ba zan ga barkonon Inna a kowane gwangwanin unguwa ba. Bara da ta ishe ni, sai na ɗebi kaɗan na juya shi a kasko mai zafi don kada ya tsiro, na ƙulle mata. Ta shuka, shiru. Ta zo tana kukan hannunta ba kyau, na ce ai shuka sai mai hannu.

Da ta ji abin da ya faru ta fita da sauri, ta dawo da ƙullin tsumma.

"Maƙwabciya, share hawayenki. Rabi kawai na shuka. Da na ga hannuna ba albarka sai na adana sauran. Ga shi, ke a hannunki zai fito."

Na kwance. Nawa ne, ga gefensa nan da ɗan duhun kasko. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Injiniya ya tafa hannu. "Kin gani ko, Yaya? Duk faɗan nan a banza. Bari in cika miki bokiti."

Na ce mata na gode. Na shuka a gabansu, suna ta yi mini fatan alheri.

Yau kwana ashirin da uku. Kullum da safe sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Ya tsiro?" Ni kuma ina tsaye da buta, ina ba ƙasa ruwa.