Sai Bazara

Ƙarfe biyar da rabi na yamma, wata Talata cikin Fabrairu, ƙaramar 'yata Hattie ta yi barci da kuncinta a cikin farantin fenti. Ni ban ma lura ba. Ina tsaye kan kujera da waya a hannu, ina neman yadda zan ɗauki yayarta Tabitha tana kaɗa goge ba tare da tulin kwanukan da ban wanke ba sun fito a hoto. Wake kuwa ya kama a tukunya, ƙauri ya cika gida.

A haka surukata, Kaka Opal, ta turo ƙofa tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmanta. Ta dubi jikarta mai shuɗin kunci, ta dubi tukunya, ta ɗaga kai ta dube ni.

"Lorinda, sauko kada ki karya mana kujera. Wai har yanzu ba a tashi makarantar ba? Ko 'yan gidan yari ana fito da su su sha iska."

"Saura Latin kawai, Mama."

"Latin! Masu harshen ma sun mutu sun huta, ke kin hana jikokina hutawa."

Shekara uku ke nan da na ajiye aikina a asibitin haƙori don in koyar da 'ya'yana a gida, kamar rabin matan cocinmu a wannan lungu na jihar Tennessee a Amurka. Da farko abin gwanin daɗi ne. Karatu, rubutu, lissafi, ɗan tarihi, kafin rana ta take mun gama. Sai na shiga zauren iyaye mata na waya, wanda Corinne Haskell ke jagoranta. Kowace Juma'a mace sai ta saka hotunan abin da 'ya'yanta suka yi. Junia, 'yar Corinne, sa'ar Tabitha ce, amma tana Latin, tana goge, tana ɗinki, tana iyo, har da leƙen taurari. Corinne ta ƙara darasi, ni ma in ƙara. Ba wadda ta taɓa cewa gasa muke yi. Sai dai "Kai, madalla!" a baki, kowa ta juya da ƙunar rai ta sake cusa wa 'ya'yanta wani abu.

Daren nan ƙonannen waken muka ci. Mijina Wendell, da ya dawo daga gidan yankan katako, yana ci yana yabawa don a zauna lafiya. Sai Tabitha ta ajiye cokali.

"Mama, don Allah ki sa ni a makarantar gwamnati."

"Saboda me?"

"Su ƙarfe uku suke tashi."

Wendell ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Ni ban yi dariya ba. Yarinyar da a da sai na ƙwace littafi daga hannunta kafin ta ci abinci, wata biyu ban ga ta buɗe ko ɗaya don son ranta ba. Kullum da safe ciwon ciki, likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Ashe ni ce ciwon.

* * *

Washegari Kaka Opal ta zo da ƙaton kwalin ayaba ta dire a tsakiyar falo.

"Duk abin da ba karatu ba, ba rubutu ba, ba lissafi ba, a zuba nan."

"Mama, in aka bari ai za su manta."

"Su manta mana. Ni na manta rabin abin da na sani, ga ni nan ban mutu ba."

Zare da allura suka shiga, taswirar taurari ta shiga, littafin kiwon zuma ya bi su. Tabitha ta ɗauko na Latin da yatsu biyu kamar mushen ɓera ta saki a ciki. Da hannuna na rubuta a jikin kwalin: SAI BAZARA. Muka yi yarjejeniya, makaranta ta tashi sha biyu, in bazara ta zo a watan Yuni kowace yarinya ta zaɓi abu guda tak, kuma ba hoto.

Makon farko yaran suka rasa yadda za su yi da kansu, kamar akuyar da aka kwance ta tsaya tana kallon turke. Daga baya suka gano rafin bayan gida. Suka riƙa dawo mini da taɓo har kunne. Ciwon ciki ya tafi ba sallama. Wata rana na tarar da Tabitha a ƙarƙashin tebur da littafi, na kira ta cin abinci.

"Haba Mama, ki bari mana, an kusa kama ɓarawon!"

Na koma kicin ina share ido da haɓar riga.

Ran Lahadi Corinne ta tare ni a ƙofar coci.

"Lorinda, kwana biyu shiru, ba ma ganin hotuna. Lafiya dai?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta dafa kafaɗata da tausayi.

"Allah sarki. Ai ba kowa ke iyawa ba, kada ki damu."

Maganar ta soke ni. Tun a mota na ce wa Wendell lallai mu fito da kwalin nan.

"Kwali yana gidan Mama," in ji shi. "In kina da ƙarfin hali je ki karɓo."

Ban je ba.

* * *

Da Yuni ya kama, Tabitha ta zaɓi kiwon zuma, Hattie ta koma wa fentinta. Wendell, wanda bai taɓa zama teburin darasi ba, shi ya ƙera amya biyu, Hattie ta shafe su da launi har sai da maƙwabta suka riƙa tsayar da mota. Zuma ta harbe shi a hanci, ya yi kwana uku kamar nunannen tumatir.

"Sai yau ka yi kama da ubanka," in ji Kaka Opal.

Ƙarshen Agusta muka kai kwalbar zuma ɗaya gasa a bikin baje kolin gunduma. Zumar Tabitha ta zo ta biyar cikin shida. Ta yi ta tsalle, ita dai ta kayar da wani. Kakarta kuwa ta bi alƙalai da harara, wai harsunansu sun mutu.

Muna zaune kan benci muna cin gasasshiyar masara, sai ga Junia da lambobin yabo huɗu a ƙirji. Uwarta ta je ɗauko mota, akwai malamin iyo ƙarfe huɗu. Na miƙa mata masara, ta zauna a gefen benci a hankali don kada rigarta ta yamutse.

"Tabitha, wai da gaske sha biyu kuke tashi?"

"Ƙwarai."

"To sai ku yi me?"

Tabitha ta ɗaga kafaɗa. "Ba komai."

Junia ta juya masarar a hannu.

"Wa yake koya muku?"

Hattie ta fashe da dariya. Junia ba ta yi ba, amsa take jira. Sai Corinne ta danna hon daga bakin ƙofa.

Yarinyar ta miƙe, ta ajiye masarar da ko ciza ba ta yi ba, ta yi mini godiya cikin ladabi. Na bi ta da ido har ta shige cikin taro. Tana tafe lambobin suna rawa a ƙirjinta, yatsun hannunta na hagu kuma suna ta danne-danne a gefen cinyarta, suna bitar waƙar goge su kaɗai.