Gawon Mararraba

Yayana Danda ya rasa idanunshi bayan ya manyanta, amma taurin kanshi ko kaɗan bai ragu ba. Ka ce za ka riƙe mashi sanda, sai ya wanke ka tas kamar ka taka mashi sabuwar shuka. Kullum da hantsi yakan fita daga ƙauyenmu, nan kusa da Korgom, ya tafi gona shi kaɗai. Noma dai ɗiyarshi Rukaiya da mijinta ke yi. Shi zuwa yake ya zauna, ya saurari awaki, ya yi faɗa da duk wanda ya ratsa mashi gona.

Itatuwan gawo ne ke kai shi. Da hannunshi ya rene su tun suna tsiro a jikin tsofaffin kututturai, lokacin da kowa ke sassabe yana cinna wuta, ana yi mashi dariya. Babban cikinsu yana daidai inda hanya ta rabu biyu a cikin rairayi, ɗaya ta nufi gonarshi, ɗaya ta miƙe Hawandawaki. In ya dafa shi ya san zai karya dama, daga nan wannan gawo ya miƙa shi ga wancan har ya isa. In babu na mararrabar, sai zaman gida. Ni kuwa na san ɗan'uwana, zaman gida kashe shi zai yi.

Kun san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi shar. Shi ya sa ba wanda ya lura da komai sai da aka gama yankan hatsi. Sauran duk suka yi kore, na mararraba yana tsaye tsirara. Na tsayar da amalanken jakina na duba. Jikinshi duk ƙananan huji, garin itace na zubowa kamar an yi tankaɗe. Na ɓamɓare ɓawon da wuƙa, sai ga hanyoyi a murɗe da fararen tsutsotsi sun ci sun yi ɓul-ɓul. Raina ya ɓaci, na tsaya ina zagin ƙwaro, shi ko bai san ina yi ba.

Na je na kira ma'aikacin gandun daji, tunda gawo ba a taɓa shi sai da izini. Ya zo a kan moto, ya zagaya, ya girgiza kai.

"Wannan ya gama, Malam Jaji. Ƙwarin za su fito su kama na kusa da shi. Ku sare, ku ƙone shi nan inda yake, ko reshe kada a kai gida."

Da na faɗa ma Rukaiya sai ta zauna a kan turmi.

"Baba Jaji, wa zai gaya mashi?"

"Ke ce ɗiyarshi."

"Kai ne ƙanenshi ai."

Haka muka yi ta tura wa juna, ba wanda ya faɗa. Ita ta koma sammako tana share garin itacen kafin Yaya ya iso. Ni kuma na ce mashi bana ganye ya makara. Ya ce, "To." Yaya Danda bai taɓa yarda da maganata da sauƙi haka ba, amma ban kawo komai a raina ba.

Wata safiya na biyo ta wurin da amalanken jakina zan ɗauko kara. Na hango shi tsaye a gindin gawon, da gwangwani a hannu. Yana bin jikin itacen da yatsa, in ya sami huji sai ya dangwalo laka ya toshe. Iya inda hannunshi ke kaiwa duk ya toshe, sama da nan kuwa gari na ta zubo mashi a hula. Tausayi ya kama ni.

"Jaji, jakinka ya fi ka gaskiya, shi ba ya sanɗa."

"Yaya, me kake yi?"

"Abin da kuka kasa. Ku shara kuka iya." Ya goge yatsa a riga. "Ido na rasa, ba fata ba. Rana na dukan ƙeyata a inda na saba shan inuwa, sannan ka ce mini ganye ya makara? In na kara kunne har cin ƙwarin nake ji."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Don ku sare shi ku ajiye ni a zaure kamar tsohuwar tabarma?"

Ya juya fuska wajen gona.

"Jiya yatsana ya sami huji a jikin na biyu. Sun fara ƙetarawa. Je ka ɗauko gatari."

"Hanyarka fa, Yaya?"

"Ina ruwanka da hanyata," in ji shi.

Ni da mijin Rukaiya muka sare. Na kai gatari ƙasa-ƙasa sai Yaya ya tsayar da ni, ya ce in bar mashi kututture daidai gwiwa. Na ce hannunshi ba zai same shi ba. Ya ce ba hannu kaɗai Allah ya ba shi ba. Muka kwaye ɓawon kututturen muka babbake shi, sauran muka tara muka cinna wuta. Na biyun ma muka datse reshen da ya kamu muka jefa ciki. Yaya yana zaune ya ba wutar baya har ta cinye.

Washegari na bi shi daga nesa, na bar jakin a gida kada ya sake tona ni. Da ya kai mararraba sai ya miƙa hannu kamar kullum, hannun ya dafa iska. Ya daɗe a haka. Wallahi hawaye suka zo mini. Sannan ya ɗan matsa gaba, ƙwaurinshi ya daki kututturen. Ya ja tsaki, ya duƙa ya murza wurin, ya shafa kan baƙin itacen.

"Kai ma ka tashi da faɗa ke nan," in ji shi.

Ya miƙe, ya karya dama.