Rubutun Farko na Baba Rula

Malama ce ta kawo shawarar, don haka a kanta aikin ya faɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana koyar da zanen fosta da tambari da tsara shafin littafi a kwalejin, kuma abin da ke ci mata rai shi ne kowane malami na fama shi kaɗai a ajinsa. Wanda ya gano dabarar koyar da haɗa launi, da abarsa zai yi ritaya. Sai ta ce su buɗe bulog, shafi guda a intanet, kowa ya riƙa zuba abin da ya sani, malaman wasu makarantu ma su shigo.

Buɗe shafin bai ci mata minti arba'in ba. Zaɓen salon haruffan da za a rubuta sunansa ne ya ci mako biyar.

Su uku ne a ofishin: ita, da Dogo mai koyar da ɗaukar hoto, da Baba Rula. Baba Rula shi ya koyar da ita tun tana ɗaliba, saura wata takwas ya ajiye aiki, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa ba tare da guntuwar rularsa ta ƙarfe a aljihu ba. Duk salon da ta nuna masa, sai ya sauke tabarau kan hanci ya ɗora rular a fuskar kwamfutarta.

"Baba, za ka karce min gilashi."

"Gilashi ya karce da sauƙi. Dubi tazarar da ke tsakanin wannan harafin da wancan. Ai akuya sai ta wuce da 'ya'yanta."

Dogo ya ce, "A haka dai sai jikokinmu su buɗe shafin."

Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta zaɓi salo ɗaya ba ta tambayi kowa ba, ta rubuta wa kowa kalmar sirrinsa ta shiga shafin a 'yar takarda, ta ce rubutun farko na babba ne. Baba Rula ya ce shi ba zai zauna yana caccakar maɓallai da yatsa biyu kamar kaza ta samu tsaba ba. Ta ce ya rubuta da hannu, ita za ta buga.

Ran Litinin da safe ya ajiye mata takardu bakwai a kan tebur, da wani faffaɗan ambulan da aka ɗaure da zare, ya ce yana da aji, ya fice da sauri irin wanda ba ta saba gani a wurinsa ba. Rubutun nan kamar an buga shi da inji, kowane layi a miƙe. Kan maganar shi ne yadda malami ke kuskure wajen ba da maki. Ta gyara zama ta fara bugawa.

Ya ba da labarin wata ɗaliba da ya koyar shekara goma sha shida da suka wuce. Ya sa ajin su zana fostar da za ta ja mutane zuwa ɗakin karatu. Kowa ya cika takardarsa da littattafai da launuka. Ita kuwa ta bar kusan duka takardar fara fat, sai wata 'yar kujera a can ƙasa, da kalma ɗaya a gefenta: Zauna. Ya ba ta huɗu cikin goma, ya rubuta da jan biro cewa ba ta gama ba. Fostar ta bi tarin takardunsa zuwa gida, har wata rana matarsa tana kakkaɓe ɗaki ta ɗaga ta, ta ce duk cikin tarin nan ita kaɗai ce ta sa ta tsaya. "Ran nan na gane," in ji shi a rubutun, "yarinyar ta gama. Ni ne ban gama kallo ba. Na hukunta ta don ba ta yi irin nawa ba."

Yatsun Malama suka tsaya. Ta kwance zaren ambulan. Ga kujerarta nan, gefen takardar ya yi rawaya, ga jan biron bai ko dushe ba. Ta tuna yadda ta zauna kan matakalar bene ranar ta sha kuka, har ta ce wa yayarta za ta bar karatun zane. Dogo ya leƙo ta kafaɗarta ya karanta, ya koma kujerarsa.

Da Baba Rula ya dawo, sai ya shiga neman wani abu a durowa wanda ba ya ciki.

"Baba, shekara goma sha shida ka riƙe min wannan?"

"Ajiya na yi miki."

"Kullum muna ofis ɗaya. Me ya hana ka faɗa min?"

Ya rufe durowar. "Wanzami ba ya son jarfa, 'yata. Sau nawa na buɗe baki, sai in ji ina tambayarki ko firinta na da tawada."

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta tura masa fostar. "To yanzu nawa ka ba ni?"

Ya zaro jan biro, ya sauke tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya soke huɗun, ya rubuta takwas.

"Takwas kawai?"

"Harafin ƙarshe ya ɗan karkace. Kada ki ce don na tsufa zan yi ƙarya."

Ta goge abin da ta fara bugawa. Dogo ya ɗauki hoton takardun bakwai a bakin taga inda haske ya fi kyau, ya haɗa da fostar mai ɗauke da tsohon makin da sabon, suka ɗora a shafin a haka, da rubutun hannunsa.

Kafin Alhamis mutum ashirin da uku sun yi magana a ƙasan rubutun. Yawancinsu tsoffin ɗalibansa ne da suka zama malamai a wurare masu nisa, har da wanda ya ce shi ma yana jiran a sake duba maki ukun da aka ba shi. Wata malama da ba su sani ba ta roƙi a ba ta kalmar sirri, tana da nata kuskuren da take so ta rubuta.

Baba Rula ya ce a ɗaga masa kujera, shi zai amsa musu da kansa. Malama ta nuna masa inda zai latsa, ta bar shi yana lalubar haruffa, Dogo na tsaye a kansa yana tsokana.

Ta kwashi ayyukan ɗalibanta da ta duba jiya za ta mayar musu. A bakin aji ta tsaya, ta zaro na wata yarinya mai zama a layin baya, wadda ta ba biyar. Ta ɗaga shi nesa da fuskarta, ta matso da shi. Ba ta taɓa makin ba. Da ta shiga, ta raba wa kowa nasa, ta riƙe wannan, ta ce wa yarinyar, "In an tashi ki same ni a ofis. Ina so ki nuna min abin da kika gani."