Gishirin Bahaguwa

Mai kaza ya riga ya ƙulle ledar ya turo ta kan kanta tun kafin mai gyaran agogo ya iso gabansa. Cinyar kaza, soyayyen dankali, lemon kwalba mai sanyi. Abin da tsohon ke saya ke nan kullum da rana tun bayan rasuwar matarsa.

"Baba Agogo, ga naka. Yau har fiffike na ƙara maka."

Tsohon ya tsaya yana kallon ledar. Mai ya ɓullo ta jikin takardar da ke ciki, ya yi wani zane kamar kan akuya. Shi bai yi niyyar zuwa nan ba, ƙafafunsa ne suka kawo shi da ya rufe shago.

"Yau ba zan karɓa ba."

"Ko amarya aka yi ba a gaya mana ba?"

"Likita ce ta hana."

"Ai likitocin ma nan suke aikowa a saya musu," in ji mai kaza, ya miƙa wa na bayansa ledar.

Jiya ne a asibiti aka ɗaura masa abin awon jini a dantse. Likita ta duba, ta sake dubawa, ta ce jinin ya hau sosai, gishiri da soye-soye su zai bari in yana son ganin baɗi. Ya ji maganar kamar da wani ake yi a ɗakin da ke kusa. Hankalinsa yana kan agogon hannunta, wanda ke baya kaɗan. 'Yarsa Auta ce ta kai shi, ita ta mayar da shi gida, kuma a nan ta ga robobin abincin saye a bayan ƙofa, wankakku, ya jera ɗaya cikin ɗaya har sun kai taga. Ta daɗe tana kallonsu.

"Baba, gobe da la'asar zan dawo. In na tarar da tukunya a wuta, shi ke nan. In ba haka ba, ka rufe shago ka dawo wurina. Maigidana ya sa an share ɗakin baƙi."

Ya san ɗakin. Tagarsa katanga take kallo, agogon da ke ciki kuma irin mai lambobi ne, ba ya motsi, ba ya ƙara. A nan zai zauna jikoki suna leƙo shi.

Daga wurin mai kaza ya gangara kasuwa, ya tsaya gaban wata mai kayan miya.

"Me za a dafa, Baba?"

"Abin da ba ya kisa."

Ta yi dariya, ta ɗebo masa tumatir da albasa da karas da rabin kabeji, ta nuna masa rumfar mai kifi. Ya tambaye ta ruwa nawa ake zubawa a shinkafa, ta ce ido ne ke aunawa. Ya gyaɗa kai, ko da yake bai gane ba.

Bai shiga kicin ba tun ranar da aka fitar da gawar matarsa daga gidan. Ya tura ƙofar, warin rufaffen wuri ya tare shi. Komai yana inda ta bar shi, kuma komai yana hagu: wuƙa, ashana, tsumman sauke tukunya. Da dama take cin abinci, don an hore ta a kan haka tun tana ƙarama, amma da hagu take girki. Tun shekarar aurensu yake ce mata Bahaguwa, sunan ya bi ta har maƙwabta suka ɗauka.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur kamar yadda yake yi a shago in zai kwance agogo, ya jera kayan daga ƙarami zuwa babba. Ya yanka albasa, ya tsaya yana duban yadda aka naɗa ta zobe cikin zobe, babu ƙusa ko ɗaya. Idonsa ya kawo ruwa. Ya dakata ya ga ko abin zai zama wani abu daban, tun da bai yi kuka ba ranar da ta rasu. Ruwan ya gangaro, ya bushe. Albasa ce kawai.

Ya wanke tukwane biyu, ya kunna gas, ya ɗora shinkafa a ɗaya, kayan miya da kifi a ɗayar. Ya ɗauki cokalin katakonta ya fara juyawa. Cokalin ya ƙi kama gindin tukunyar, sai zamewa yake ta sama, har ƙauri ya fara tashi. Ya ɗaga shi kusa da ido. Bakinsa ya cinye ta gefe guda, a karkace, shekara da shekaru na hannu ɗaya. Ya mayar da shi hannun hagu. Cokalin ya zauna daidai a lungun tukunyar, ya kankaro abin da ya kama.

A kan kanta akwai gwangwanaye a jere. Na citta da na busasshiyar tafarnuwa sun kusa ƙarewa, ya karkaɗe sauran a miyar. Murfin na gishiri ya yi tsatsa, sai da ya sa sukundireba ya ɓanɓare shi. Cike yake har baki, gishirin ya dunƙule kamar dutse, ɗan ƙaramin cokali ya maƙale a tsakiya. Ya ƙwanƙwasa shi da farce. Ya tuna yadda yake tsokanarta duk lokacin da ta ajiye masa faranti.

"Bahaguwa, gishiri ya yi tsada ne?"

"Harshenka ne ya tsufa," take cewa, ba ta ko ɗago kai.

Da ya fara cin kazar leda, abin da ya fara ji shi ne gishiri, mai yawa, har leɓe na zafi. Shi kaɗai ne abin da yake ji a bakinsa a watannin nan. Ya mayar da murfin gwangwanin bai ɗiba ba, tun da likita ta hana.

Auta ta yi sallama da la'asar, makullin mota a hannunta. Ba ta zauna ba, ta bi ƙamshin har kicin.

"Baba, ƙauri nake ji."

"Gindin ne kawai ya kama."

Ta buɗe shinkafar, ta ga ta caɓe, ta mayar da murfin. Ta ɗebi miyar da cokali ta hura ta kai baki. Ta tsaya haka, cokalin a bakinta, idonta a bango.

"Ba ta yi ba ko?" ya tambaya.

Ta miƙo masa. Ya ɗanɗana. Citta, tafarnuwa, ɗan tsamin tumatir, sai wani fili a tsakiya inda ya kamata gishiri ya zauna. Ya san wannan filin.

"Miyar Umma ce," in ji Auta.

"Ban sa gishiri ba ai."

"Ita ma ba ta sawa. Tun ranar da ka faɗi a shago, aka ce jininka ya fara hawa, kai ka ce rana ce ta buge ka. Ina makarantar firamare lokacin. Mu duka muka riƙa cin lami saboda kai."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ta ce in ka sani za ka riƙa barbaɗawa da kanka. Gwangwanin don idonka yake nan."

Ya dubi gwangwanin, ya dubi sukundireban da ke gefensa. Ya ɗauki sukundireban ya sa a aljihu.

Auta ta jefa makullin motar cikin jaka. Ta je bayan ƙofa ta zaro roba ɗaya daga saman jerin, ta zuba miyar da za ta kai wa yara. Daga tsakar gida ya ji tana waya, tana cewa a bar ɗakin baƙin nan tukuna.

Ya zuba nasa a faranti, ya zauna a wurin da ya saba zama, yana fuskantar kujerar da babu kowa. Ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali.

"Gishiri ya yi tsada ne?" ya ce ƙasa-ƙasa.

Ya ɗan jira. Sannan ya ci gaba da ci har farantin ya ƙare.