Jawabin Jumare a Gaban Baturen Makarantu

A shekarun da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Bama na Turawa, Malam Attahiru yana koyar da 'yan aji huɗu a makarantar elementare ta Tambuwal. Shekararsa ta biyu ke nan da fara aiki. Wata Laraba hedimasta, Malam Ɗangiwa, ya kira shi ya miƙa masa takarda daga Sakkwato. Baturen makarantu zai zo nan da kwana goma sha biyu, kuma yana son kowane ɗan aji huɗu ya tashi ya yi jawabi da bakinsa a kan garinsu ko sana'ar gidansu.

"Malam, wanda ka gada cikin ajin ga, irin wanga zuwa ne ya maishe shi gida," in ji hedimasta. "Bature ya yi tambaya, yara sunka yi tsuru-tsuru. Ka dai ji."

Malam Attahiru ya fito ya koma ajinsa. Yaransa goma sha shida ne, sun iya karatu da lissafi, amma ko gaban ubanninsu ba su ɗaga kai su yi doguwar magana, balle gaban Bature.

Washegari ya fito da su gindin tsamiyar makaranta ya tsara musu yadda za a yi. Kowa zai tsaya ya faɗi nasa. In ya gama, 'yan'uwansa biyu su tashi, su faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da zai gyara. Ba dariya, ba gori. Da farko sai "ya yi kyau" kawai ake ji, amma kafin kwana uku baki ya buɗe. A ce wa wannan sauri gare shi, a ce wa wancan ya daina sosa ƙeya.

Wanda ya fi kowa shi ne Jumare, yaron da aka kawo daga Kebbe yana zaune wurin gwaggonsa. Jawabinsa a kan yadda suke ƙetare gulbi da shanu ne da damina: yadda ake fara tura tsohuwar saniya, yadda makiyayi ke kama wutsiya ya bi, yadda ake rungumo maruƙa. Da ya gama, Ni'imatu, ɗaya daga cikin 'yan mata uku na ajin, ta tashi.

"Zancenai ya yi daɗi, har na ji awa ina cikin ruwan. Amma ƙasa yaka kallo. Ɗaga kai, Jumare, ka dubi bango in mutum kaka tsoro."

Ya gwada, kuma ya yi. Ranar Malam Attahiru ya ci tuwonsa da daɗi.

Sai aka ci kasuwa. Da aka dawo makaranta, kamar an sauya masa yara. Wanda ya tashi sai ya yi ƙunƙuni ya zauna. Masu gyara kuwa suka koma "ya yi kyau". Da aka zo kan Jumare, ya tsaya ya ce, "Shanu... gulbi..." sai ya ce ya manta.

Saura kwana biyar. Malam Attahiru ya ɗauki bulala, ya juya ta a hannu, ya dubi fuskokinsu. Ba taurin kai ya gani ba. Wani ƙaramin cikinsu leɓensa rawa yake yi. Ya ajiye bulalar.

"Wa zai gyara wa Jumare?"

Ba wanda ya motsa. Can Ni'imatu ta miƙe a hankali.

"Malam, bai mance ba. Da gangan yaka yi. Duk da gangan suka yi."

"Munafuka!" wani ya faɗa daga baya. Jumare ya fashe da kuka.

Da ƙyar malam ya tattaro zancen. Wani falke ne ya ce a kasuwa Bature ba jawabi ya kawo shi ba. Yara masu ƙarfin murya yake nema, ya rubuta sunansu, a zuba su a mota a kai su barikin soja, daga can sai jirgin ruwa. Zancen ya shiga gidaje. Jumare kuwa yayansa Almu yana cikin waɗanda aka ɗiba bara, kuma har yau ko wasiƙa ba a gani ba.

"Malam, gaskiya na?" Jumare ya tambaya yana share hanci. "Za a rubuta suna?"

Malam Attahiru ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, sai ya tuna da layin ƙarshe na takardar: za a duba waɗanda suka dace a ɗauka. Shi ya fahimci makarantar Midil ta Sakkwato, wadda ke gaba da elementare, ake nufi, amma takardar ba ta faɗi haka ɓaro-ɓaro ba, kuma shi kansa bai taɓa tsayawa gaban wannan Bature ba. In ya rantse musu, mota ta tafi da yaro, da wane ido zai dubi iyayen?

Ya karɓo takardar daga ofis ya karanta musu ita duka, har layin ƙarshe.

"Suna dai za a rubuta," ya ce. "A sanina makaranta ce, wadda ni ma na yi shekara fuɗu a cikinta, ga ni kuwa na dawo. Ban taɓa jin an ɗauki yaro kamarku soja ba. Amma ban ga zuciyar Bature ba, kuma ni ma tsoro nika ji. Abin da zan iya ke nan: ranar, a gabanku, zan tambaye shi inda za a kai mutum, kafin kowa ya buɗa baki."

Yaran suka dubi juna. Aka koma gwaji, amma ba kamar da ba. Muryoyi na rawa, gyaran ma a hankali ake faɗinsa, kamar ana gaida marar lafiya. Biyu daga cikinsu iyayensu suka ɓoye su a ƙauye, ba a ƙara ganinsu ba sai bayan mako.

Ranar ta zo. Tun hantsi aka jiyo ƙugin mota daga hanyar Sakkwato, aji ya yi tsit. Ta taga Malam Attahiru ya hango wani dogon mutum da sanda a kafaɗa tsaye bakin dangar makaranta. Na'iya ne, uban Jumare, ya tako tun daga Kebbe.

Bature ya shigo, hedimasta na biye. Ya zauna ya buɗe littafi ya cire alƙalami. Ganin alƙalamin nan, wani yaro ya saki fitsari a zaune.

Malam Attahiru ya durƙusa ya yi gaisuwa. Hedimasta na yi masa alama da ido ya fara, shi kuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran suna da tambaya. Wanda aka rubuta sunansa, ina za a kai shi?"

Malam Ɗangiwa ya runtse ido. Bature ya ɗago ya dubi malam tsawon lokaci, fuskarsa ta yi ja.

"Midil, a Sakkwato," ya ce da Hausarsa mai karyewa. "Ina kuma?"

"An ce musu soja ne."

Bature ya juya ya dubi yaran, ya dubi jiƙaƙƙiyar tabarmar. Bai yi dariya ba. Ya rufe littafin ya mayar da alƙalami aljihu. "Ba soja. Littafi kawai. A fara."

Aka fara, wasu suka yi, wasu suka sarƙe. Jumare ya tashi ya kafa ido a bango, ya faɗi rabin jawabinsa, sai ya hango ubansa ta taga ya tsaya cik. Bature ya ce, "To, saniyar ta shiga ruwa. Sai yaya?" Jumare ya mayar da ido bango ya ci gaba har ƙarshe.

Bature ya tafi bai ce an yi kyau ba, bai ce an ɓata ba. Mako uku Malam Attahiru yana zuwa aiki yana jiran takardar kora, hedimasta kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su. Na'iya ma bai jira ba, tun ranar jawabin ya tasa ɗansa gaba suka koma Kebbe.

Da takarda ta zo, ba maganar kora a ciki. Sunaye uku ne, na Jumare a sama. Ranar Juma'a Malam Attahiru ya ari keke ya nufi Kebbe, ya tarar da Na'iya wurin shanu. Ya karanta masa takardar har sau biyu.

"Malam," in ji Na'iya, "na ba da guda, ban ga ko rigatai ba. Takarda ba ta ishe ni."

"Gaskiyarka, baba. To mu tafi tare ka gani da idonka. In bai yi maka ba, ka dawo da abinka, ni zan amsa a gaban hedimasta."

Na'iya ya dubi shanunsa, sannan ya ce sai bayan an yanke gero.

Haka kuwa aka yi. Su uku suka shiga Sakkwato. Na'iya ya leƙa ɗakin kwana, ya ɗanɗani tuwon makarantar, ya tambayi inda yara ke salla, ya zagaya bayan gini ko zai ga bindiga. Kwana biyu ya yi a garin kafin ya yarda ya bar yaron. Da za su juyo, Jumare ya riƙe bakin rigar ubansa, sai da aka ɓamɓare hannunsa. Suka kamo hanya har suka iso Tambuwal, inda Na'iya ya sha ruwa a gidan malam ya wuce Kebbe.