Katin Bankwana

"Wanga kam ba ni huda shi," in ji Maigandi baduku, ya tura katin ƙarƙashin fatar da yake zaune a kai.

Junaidu, maƙwabcinsa a unguwar Gidan Dare, yana kwance a tabarmar zaure, ciwon hanta ya cinye shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai dai akwai gardama. Kati na fa, ba likkahwani ba."

A shekarun nan na mulkin soja, da arzikin mai ya cika ofisoshi da injuna, Junaidu ne ke kula da kwamfutar ma'aikatarsu, wata ƙatuwa da ba ta jin magana sai ta kati mai huji. Ya daɗe yana haɗa wasu kayan aiki da kowane ofis zai ƙera ɗan yarensa na ba kwamfuta umarni da su, ya tsara wa injin yadda zai yi aiki. Ƙa'idarsa irin ta shiga gidan mutane ce: kowane sashe a buɗe shi da GAFARA, a rufe da BANKWANA. Burinsa ya ga abin ya tashi kafin ya tafi, don Mariyatu, abokiyar aikinsa, ta ci gaba ba tare da shi ba.

Da ciwo ya kayar da shi, sai ya riƙa ɗiga fensir a kan kati, Maigandi na hudawa da ƙarfen fata da ya gyara wa baki. Duk ya huda, ban da na ƙarshe, katin BANKWANA. Maigandi bai san komai game da inji ba, amma ya san bankwana, kuma zuciyarsa ta ba shi cewa muddin bai huda ba, abokinsa na nan.

"Gobe," ya ce. Washegari ma haka ya ce.

Da Mariyatu ta zo ɗaukar akwatin katunan, Maigandi ya miƙa mata, ya bar katin ƙarshe ƙarƙashin fatarsa. Junaidu ya rasu da hantsin ranar, yana tambaya ko ta dawo.

Bayan an dawo daga maƙabarta ta iso, idanunta jawur, riƙe da takardar da injin ya fitar.

"Baba Maigandi, mi anka rage? Duk ya karanta, yak kai ƙarshe yat tsaya."

Ta karanta masa layi ɗayan da ke jiki: AN YI GAFARA, BA A YI BANKWANA BA.

Maigandi ya ɗaga fatar, ya zaro katin, ya bi ɗigon fensirin Junaidu ɗaya bayan ɗaya yana hudawa. Da ya gama ya ɗaga shi ya duba, kamar yadda ya saba. Hasken la'asar ya ratso ta hujin, ya zuba a kan tabarmar Junaidu da ba a riga an naɗe ba.