Kafin Sholisho Ya Sha Iska

Kowace safiya, kafin in fitar da keke, sai Baba ya laluba jakar. Shekara uku ke nan da idonsa ya tafi, amma hannunsa bai manta komai ba. Yakan zauna a bakin gado ya ɗora jakar a cinya, ya riƙa fito da kayan yana kiran sunansu: famfo, sifana, gwangwanin faci, sholisho na manna faci, guntun samfefa, tsumma, rigar ruwa. Sai cokula biyu da ya dandaƙe bindinsu da guduma, da su ake ɓamɓare taya. Akwai kuma guntun sabulu a leda, wannan ni na ƙara, domin a kamfanin wanki da guga nake aiki, kuma zanin gado fari ba ya yafe wa baƙin yatsa.

Keken nasa ne. Shekara ashirin da biyu yana masinja a kansa, ya ce bai taɓa kai takarda a makare ba. Da ya zauna, ni ce kawai mai fita nema a gidan. Motar farko ba ta isa kamfanin sai takwas, mu kuma bakwai ake rufe ƙofa, shi ya sa ya sauke mini sirdi, ya koya mini faci a tsakar ɗaki har na iya shi kamar wanke kwano.

"Hanyarki minti hamsin ce," in ji shi. "Faci minti goma sha biyar. Biyar daga ciki na jira ne, Auta. In kin shafa sholisho ki bar shi ya sha iska, sai kin taɓa kin ji bai kama yatsa ba. Ko gobara ake yi, ki jira."

Abin da Baba bai sani ba shi ne na riga na makara sau biyu. Ba don kayan ba su cika ba. Ni dai ba na iya durƙusawa a bakin titi mutane suna kallo. Duk lokacin da taya ta sace, sai in tura keken har in sami bayan wani gini ko lungun da ba kowa, sannan in kwance. Turawar nan ce take cinye lokacin. Shugabar sashenmu, wadda muke kira Agogo a bayan idonta, ta faɗa mini a gaban injin guga cewa na uku ba sai mun yi magana ba.

Ranar Talata na fito shida saura kwata. Baba ya miƙo mini jakar ya ce, "Komai ya cika." Na ɗaure ta a kariyar bayan keke da roba.

Na yi rabin hanya lafiya. Daidai mahaɗar da ake jiran mota na ji tayar baya ta fara dukan ƙasa. Kwalba aka fasa a wurin, ban gani ba sai da na hau. Na sauka. Maza kusan takwas ne a tsaye ƙarƙashin rumfar wurin, wasu da kwanon abinci a hannu, suna jiran motar ma'aikatarsu. Na san akwai katanga bayan gidan mai, amma tafiyar minti goma ce da keke a hannu. Na duba agogon wayata. In na je can, aikin ya tafi.

Na kifa keken a nan inda nake. 

"A'a, yau ga injiniya," wani mai jar hula ya ce.

Na buɗe jaka na fito da cokulan.

"Cokali kuma? Ƙanwata, karyawa za a yi ne? A sa da mu."

Aka yi dariya. Wani dattijo mai jarida ya ce su ƙyale yarinya ta yi aikinta, amma shi ma ya ninke jaridar ya matso. Na ɓamɓare tayar, na zaro tub ɗin da ke ciki, na ɗan ba shi iska. Ba ruwa a kusa, don haka na yi yadda Baba ya koya mini: na riƙa bin tub ɗin da leɓena a hankali har na ji sanyin iska yana fita.

"Ku ji, raɗa take yi masa," mai jar hular ya ce. "Rarrashi ne. Haka ake gyaran zamani."

Ban ɗaga kai ba. Na zare tsinin kwalbar daga taya, na goge wurin da samfefa, na matsa sholisho na shafa da yatsa. Har nan hannuna bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Sai jira. Duk sauran aikin, hannu yana da abin yi, kai yana sunkuye. Wannan minti biyar ɗin kuwa ba abin da mutum zai yi sai ya zauna a kalle shi. Ina ganin takalmansu kewaye da ni. Ɗaya ya tambaya ko ba ni da yayye maza ne. Wani ya ce, "Ta tsaya. Ta manta abin da ke gaba." Mai jar hular ya sunkuyo har ina jin ƙamshin man da ya shafa, ya ce, "Kawo in ƙarasa miki, kada ki yi kuka."

 Na taɓa sholishon, ya kama yatsana, ya ja zare. Na san bai yi ba. Na ɗora facin a kai, na danne da babban yatsa, na mayar da tub, na buga iska. Tayar ta tashi tsaf. Dattijon ya ce, "Kai, ta iya fa." Na tattara kayan na hau, ban ko ɗaure jakar da kyau ba.

Ta kai ni har gada. A kan hawan na ji bayan keken ya fara laushi. Na sauka na ƙara iska, na yi gaba kaɗan, ta sake kwantawa. A ƙarƙashin gadar ba kowa sai tattabaru. Na sake kwancewa. Facin ya zame gefe, da ɗan ja kawai ya fita. Na jefa shi a jaka, don Baba ba ya yarda a yar da komai a hanya. Na goge, na shafa sabo, na zauna a kan dutse na jira minti biyar cif, ina kallon wayar. Wannan karon ya kama kamar da shi aka yi tub ɗin.

Bakwai da minti ashirin na isa. Maigadi ya buɗe mini ƙaramar ƙofa. Agogo tana tsaye a bakin sashe da takarda a hannu, injuna suna ta huci a bayanta.

"Ba ni katin aikinki," ta ce.

Na miƙa. Yatsuna sun bar baƙin tabo a kansa, ban sami damar wanke hannu ba.

"Faci?"

Na gyaɗa kai.

"Na sani. Hannunki yana da kyau a guga, ban taɓa mayar miki da kaya ba. Amma akwai mutum huɗu da ke jiran wannan aikin, kuma duk a kusa suke, a ƙafa za su zo." Ta ɗan tsaya kamar tana jiran in ce wani abu.  Sai ta ce in ɗauki takalmin aikina a kabad, ta juya.

Na dawo gida da hantsi. Tayar ba ta rage ko numfashi ɗaya ba. A mahaɗar an share kwalaben, rumfar ba kowa.

Baba ya ji ƙarar sarƙa tun daga ƙofa. Ya kashe rediyo.

"Auta? Ƙarfe nawa?"

"Tara."

Ya miƙo hannu. Na kwance jakar na ba shi. Ya fito da famfo, ya fito da cokula, ya buɗe gwangwani ya shafa facin da suka rage. Ya sake sa hannu can ƙasa, ya ciro wanda ya zame. Facin ya manne da tsumma, sai da ya ɓamɓaro shi. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya daɗe yana murzawa.

"A ina?"

"Wurin jiran mota."

"Da mutane?"

"E."

 Na zaci zai tuna mini da minti biyar ɗin, har na shirya ji. Sai ya ce, "Ni da nake yi, ba wanda ke tsayawa kallona. Ban sa wannan a lissafi ba."

Na ajiye takalmin aikin a ƙarƙashin gado. Ya ji ƙararsu, ya juyo da fuskarsa wajen, sannan ya mayar. Ya fara mayar da kayan cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, amma bai kira sunansu ba. Da ya zo kan sabulun ya riƙe shi a tafin hannu.

"Wannan a bar shi a ciki?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya sa shi, ya ja zif.

"Gobe ina za ki?"

"Ba ko'ina."

Ya rataye jakar a ƙusar da ke kan gadonsa, inda take kwana kullum. Na fita tsakar gida na tari ruwa a bokiti. Sholishon da ke yatsana ya bushe sarai, sai da na sa farce na kankare shi.